Ranar da Hotona Ya Daina Daskarewa

Wata daga cikinku ta rubuto a ƙarƙashin rubutun makon jiya wai ta gaji da ni. Ta ce mace mai shekara talatin da tara, ga namiji ya fito, ba ya shaye-shaye, ba ya caca, haƙoran bakinsa duk nasa ne, to me kuma nake jira? Na gode, 'yar'uwa. Ni ma na gaji da ni. Bambancinmu, ke kina iya rufe shafin ki kama gabanki, ni kuwa da ni nake kwana nake tashi.

Saboda waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Tamaki. Adabi na karanta a jami'a, shi ya sa yanzu ni ce mai rubuta 'yar takardar nan da ake cusawa cikin kwalin tukunyar dafa shinkafa, wadda kuke jefarwa ba ku buɗe ba. Ni da Mama muke zaune a hawa na biyar, cikin tsofaffin benayen nan na Kitakyushu da aka gina wa ma'aikatan ƙarfe tun ba a haife ni ba. Babu lif. Da Baba ya rasu, gidan ya bar mana, da tarin tsofaffin jaridu, da ƙanwarsa Goggo Fusae.

Haɗa aure a wurin Goggo Fusae ba sana'a ba ce, ciwo ne. Ita ta kawo Iwabuchi. Shekararsa arba'in da huɗu, yana aiki a ƙungiyar masu ɗiban ciyawar teku a Wakkanai, can ƙarshen arewa inda ƙasa ta gaji ta tsaya. Sau ɗaya muka haɗu ido da ido, a falon wani otal a Fukuoka, ya ci kek ɗinsa kamar mai zana jarrabawa. Daga nan sai kiran bidiyo, kowace Lahadi bayan abincin rana.

To, yau zan gaya muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba.

Sabuwar wayar intanet ɗin nan ta gilashi da ake ta talla ta zo benenmu, amma a ƙasa ta tsaya, ita ma ba ta son matakala. Daga nan zuwa hawa na biyar, tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe ce take ɗauko mana intanet a ka, tana nishi. Modem ɗinmu kuwa 'yar akwati ce da aka kawo fara fat, yanzu ta koma launin haƙorin mai shan taba. Wuri ɗaya ƙarfinta yake kaiwa a duk gidan: gefen ƙaramin teburin falo, daidai gaban kabad ɗin da muka ajiye hoton Baba, inda Mama take kunna masa turaren tsinke kullum bayan an ci abinci. A nan nake zama in yi kiran.

Wata Lahadi Iwabuchi ya gyara zama, ya gyara murya, ya ce, "Tamaki-san, akwai maganar da nake so..." Sai hoton ya daskare. Da layin ya dawo, jarumtarsa ta riga ta tafi, muka koma hirar dusar ƙanƙara. Na kwanta ran nan da wani irin sauƙi a ƙirjina, kamar wadda likita ya ce mata ta dawo wata mai zuwa.

Lahadin da ta biyo baya layin lafiyarsa lau. Ya gyara zama. Ya gyara murya. Sai ni na daskare.

E, ni da kaina. Baki a ɗan buɗe, ido a kusurwar allo, numfashi a riƙe. Ya jira, sannan ya ce a hankali, "Kin tsaya." Na laluba da ɗan yatsa ta ƙasan tebur na kashe kiran, na aika masa saƙo: "Yi haƙuri, layinmu ne." Ya amsa da ɗan hoton kifi yana sunkuyar da kai.

Tun daga nan abin ya zama sana'a. Na ƙware har na san kada in daskare ina murmushi, domin kumatu suna rawa. Na san irin rigar da ba ta nuna numfashi.

Kada ku ce ba na son sa. Mutum ne da za ka yi masa barkwanci ran Lahadi, dariyar ta iso ran Talata ta saƙon waya: "Yanzu na gane. Ya yi daɗi." Ya aiko mana da busasshiyar ciyawar teku, Mama ta dafa romo da ita ta yi shiru na ɗan lokaci, wanda a wurinta yabo ne. Ina son sa, shi ne ma matsalar. Idan ya yi tambayar, dole in amsa. In ce e, na bar Mama da gwiwoyinta a hawa na biyar, ni ina can inda sai an hau jirgi biyu. In ce a'a, na rasa Lahadina. Muddin tambayar ba ta fito daga bakinsa ba, duka biyun nawa ne.

Ran Talatar makon jiya Goggo Fusae ta zo. Tun daga hawa na uku muke jin ta tana zagin wanda ya zana benen. Ta shigo ta jera takalmanta, ta durƙusa gaban hoton Baba ta gaishe shi a gurguje, ta juyo kaina tana haki.

"Ke, ƙa'ida wata nawa ce?"

"Sannu da zuwa, Goggo. Ga shayi."

"Ban tambaye ki shayi ba. Idan an haɗa mutum biyu, wata uku ake ba su, su ce e ko a'a. Ku kun ninka, kun ɗora. Uwarsa ta kira ni, da ladabinta da komai, tana tambayar lafiyar ƙafata. Kin san abin da ake nufi idan uwar namiji ta tambayi lafiyar ƙafar mai haɗa aure?"

"Ƙila ta damu da ƙafar ne."

"Ji min 'yar jami'a. Ran Lahadin nan gida biyu za su gana. Tsohuwar ba ta iya hawa jirgi, don haka ta allo za a yi. A gabanmu zai yi maganarsa, a gabanmu za ki amsa. In ba haka ba, ran Litinin zan sunkuyar musu da kai in ba su haƙuri, in rufe zancen. Akwai wata nas a Asahikawa da take jira a layi, ita ba ta karanta adabi ba."

Na ce, "Ai ba laifina ba ne, Goggo. Layin ne. Da zarar ya fara magana sai..."

"To a gyara layin mana! Zamanin da ake hira da mutanen da suke sararin sama, ku kun kasa hira da Wakkanai?"

Mama tana ɓare lemo, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Na riga na kira kamfanin. Ran Juma'a za su kawo sabuwar akwati."

Na dube ta. Matar da take kirana ina ofis in gaya mata wane maɓalli ne na rage ƙarar talabijin, ita ce ta kira kamfani. Ta miƙo min ɓarin lemo. Na karɓa, me zan ce?

Ran Juma'a na ɗauki hutun rabin yini. Mace suka aiko, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, da ɗamarar ciwon baya a ƙugunta, sunanta a ƙirji: Nakazato. Ta zaro silifas ɗinta daga jaka ta saka, ta shimfiɗa ƙyalle a kan tabarma kafin ta ajiye kayan aiki. Da ta ga tsohon modem ɗin sai ta yi masa kallon da ake yi wa tsohon abokin makaranta a asibiti.

"Kai, har yanzu akwai irinku a raye?"

Sabon fari ne sumul kamar yankan awara. Ta jona shi, fitilunsa suka yi ta ƙyafta ido, suka tsaya a kore. Ta duba na'urarta, ta taɓe baki.

"Ya ƙaru, amma ba haka ya kamata ba. Akwai wani tarho a gidan nan?"



Akwai. A ɗakin Mama yake, a kan 'yar kanta kusa da taga: baƙar wayar girke irin mai juyawa da yatsa, nauyinta kamar dutsen guga. Ba ta da soket, wayarta cikin bango ta shige kai tsaye. Mama ta saƙa mata riguna, tana sauya mata da sauyin yanayi, fara mai leshi da zafi, ta ulu da sanyi. Lokacin da Baba yake aiki a masana'anta, idan ya tashi sai ya kira daga ƙofar fita, ya bari ta yi ƙara biyu ya ajiye. Ba a ɗauka. Ma'anarsa, a ɗora shinkafa. Na girma ina jin ƙarar nan biyu, da ƙarar murfin tukunya a bayanta. Yanzu ba mai kiran lambar sai masu tallan kabari, amma kowace safiya Mama tana ɗaga kan wayar, wai goge ƙura, ta kara a kunne ta ɗan saurari gurnanin layin, ta mayar. Idan na gan ta sai ta ce dubawa take ko yana aiki.

Nakazato ta durƙusa, ta ɗaga gefen rigar ulun da ladabi kamar mai duba mara lafiya, ta bi wayar da ido har bango.

"Ga shi nan. Layin ya rabu biyu a cikin bangon, reshe ɗaya falo, ɗaya nan. Tsohuwar akwatin ba ta damu ba, tafiyar hawainiya take. Wannan sabuwar da gudu take aika saƙo, sai ya shiga reshen nan ya bugi ƙarshe ya dawo, ya yi karo da na bayansa. Kamar mutum yana magana a cikin rijiya."

Mama ta ce, "Sai a yi yaya?"

"Ko a bar shi, ku yi ta fama da tsayawar hoto jefi-jefi. Ko in yanke reshen. In na yanke, wannan ta zama ado." Ta shafa kan wayar. "Ba zan iya sake ja muku wata ba, siminti ne. Ni dai ban ce ku yi ba, ban ce ku bari ba. Gidaje da yawa a benayen nan sun ce in bari."

Masu karatu, da kun ga yadda na miƙe. Ban taɓa zama 'yar kirki irin ta ranar ba.

"Ba za a taɓa wayar Baba ba," na ce, har da rawar murya. "Haba, Mama. Saboda kiran bidiyo? Ai sannu ba ta hana zuwa. Mun saba da layinmu haka."

Wani ɓangare na maganar gaskiya ne. Wane ɓangare, kada ku tambaye ni, ni ma ban auna ba.

Mama ta daɗe tana kallona. Ba fushi a fuskarta, ba komai, irin kallon da take yi wa kifi a kasuwa. Sannan ta ɗaga kan wayar, ta kara a kunne, ta saurara. Nakazato ta juya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara a cikin jakarta. Mama ta mayar da kan wayar, ta daidaita rigar ulun.

"Yanke."

"Mama..."

"Da ke nake? Yanke, Nakazato-san. Yi haƙuri, mun tsayar da ke."

Ƙaras ɗaya ne. Na zaci abin da ya shekara hamsin zai fi haka ƙara. Nakazato ta naɗe bakin wayar, ta mayar da murfin bango, ta koma falo ta duba na'urarta.

"Yauwa. Yanzu ko auren sarki za ku kalla, ba zai tsaya ba."

"Shi muke so," in ji Mama, ta kawo mata shayi da alewar wake.

Daren Asabar saƙon Iwabuchi ya shigo tun ban gama wanke kwanuka ba: "Na ji an gyara layi. Na yi murna." Sai ɗan kifin nan. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na aika masa kifin shi ma.

Lahadi. Mama ta fito da kimononta, rigar gargajiyar nan tata mai launin toka da ƙananan furanni a gefe, wanda rabonta da shi tun bikin cikar Baba shekara bakwai da rasuwa. Ni na saka shuɗiyar riga mai duhu da sarƙar lu'ulu'un Mama, rigar da take cewa ga mace mai hankali ko da ba ta da shi. Goggo ta iso da hoda kamar za ta hau dandamali. Tunda ba a miƙa tsaraba ta cikin allo, kuma ba a ganawar gida biyu hannu rabbana, tun farkon mako Goggo ta sa kowane gida ya aika wa ɗayan kwalin alewa, a buɗe tare a ci tare. Nasu yana kan tebur, ba a kwance ƙullin ba. Muka ɗora kwamfutar a kan tarin jaridun Baba don ta kai tsayin fuska. Mama ta kunna masa turare, ta ce masa, "Ka zauna da kyau, baƙi za mu yi."

Kiran ya shiga.

Jama'a, sabon layin nan ba shi da kunya. Wata da watanni ina kallon Iwabuchi ta cikin hazo, ashe yana da tabo a gira, ashe kunnuwansa ja suke yi. Na ga zaren da ya fito a wuyan rigarsa. Na ga kaina a ƙaramin akwatin kusurwa, da duk layukan da shekaru suka ja min a gefen ido, waɗanda tsohon modem ya rufa min asiri a kansu ba tare da na gode masa ba. Goggo ta ga hodarta, ta ɗan ja da baya.

Mahaifiyarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce a cikin babbar kujera, da bargo a gwiwa. Aka fara gaisuwa. Muka sunkuya, suka sunkuya, allon ya cika da tsakiyar kawuna. Muka ɗago muka tarar ba su ɗago ba, muka koma. Haka dai har Goggo ta yi tari. Aka kwance ƙullin alewa, kowa ya yaba ta ɗayan, ya kushe tasa. Aka tambayi ƙafar Goggo. Aka tambayi dusar ƙanƙara, aka ce tana nan.

Sai Iwabuchi ya ajiye kofinsa. Ya gyara zama. Ya gyara murya.

"Tamaki-san. A gaban iyayenmu, akwai maganar da nake so in yi. Ni ba mai iya magana ba ne. Garinmu da sanyi, da nisa. Amma idan za ki yarda ki zo ki zauna da ni, zan yi farin ciki har ƙarshen raina."

Ya kai ƙarshe. Karo na farko ya kai ƙarshe, kowace kalma ta iso tas, ba wadda ta faɗi a hanya.

Ni kuwa, ban yi niyya ba, na rantse muku. Jiki ne ya yi abin da ya saba. Baki a ɗan buɗe, ido a kusurwar allo, numfashi a riƙe. Na daskare, Mama a damana, Goggo a haguna, kowaccensu tana motsi.

Tsohuwar ta matso da fuskarta kusa da allo. "Af, ga shi kuma. Ba an ce an gyara ba? Ita kaɗai ta tsaya, sauran suna tafiya. Wane irin layi ne wannan?"

Goggo ta kama naman cinyata ta ƙasan tebur ta murɗa. Ban motsa ba. Na gaya muku na ƙware.

"Ba layin ba ne, Mama," Iwabuchi ya ce wa mahaifiyarsa. "A ba ta lokaci. Haka take yi idan tana tunani."

Numfashin da na riƙe ya ƙwace. "Me ka ce?"

Kunnuwansa suka ƙara ja. "Turaren mahaifinki. Yana bayanki kullum. Idan layi ne ya tsaya, hayaƙin ma tsayawa yake. Idan ke ce, sai ya ci gaba da tashi."

Na waiwaya. Ga hoton Baba, ga siririn hayaƙi yana hawa abinsa, bai san an yi ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Na farkon na gaske ne. Sauran..." Ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

"Kuma ba ka ce komai ba?"

"Na ga kina ƙoƙari sosai. Ban so in ɓata miki aiki ba. Akwai ma ranar da mahaifiyarki ta wuce ta bayanki da kwandon wanki."

"Har hannu na ɗaga masa," in ji Mama, tana kurɓar shayi.

Tsohuwar can ta fashe da dariya har bargon ya zame. Goggo ta rufe fuska da mafici tana cewa ita kam ta shiga uku, a shekarunta ba a taɓa yi mata irin wannan ba. Ni kuwa Mama nake kallo. Ta sani. Ta san ba layin ba ne, ta san sabuwar akwati ba ta da abin da za ta gyara, kuma ta ce a yanke.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa da saura taki ɗaya, na taka.

"Iwabuchi-san, ba wai ba na... Mama ce. Gwiwoyinta. Hawa biyar, ba lif. Idan na tafi, wa zai hau mata da shinkafa?"

"Akwai ɗaki a ƙasa a gidanmu," ya ce da sauri, da alama ya daɗe da tanadin amsar. "Yana kallon rana. Idan mahaifiyarki za ta..."

"Ni?" Mama ta ajiye kofi. "Garin da sai an haƙa ƙofar gida da shebur kafin a fita sayen albasa? Na gode, ɗana, ka kyauta, amma a'a. Matar hawa na ɗaya za ta koma wurin ɗanta da bazara, na riga na yi magana, zan sauka can. Shinkafa kuwa, yanzu da wannan farar akwatin, an ce latsawa ake yi a kawo har ƙofa." Ta juyo gare ni, ta rage murya, amma sabon layin ya kai ta Wakkanai ba ragi. "Ke kuma kada ki laɓe a bayana. Ni ba modem ba ce. In ba kya son sa, ki gaya masa da bakinki, bawan Allahn nan ya huta. In kina so, ki faɗa. Ƙafata ta yi tsami."

Fitilun sabon modem suna nan kore shar, ba mai ƙyaftawa. Na nemi wurin ɓuya a duk faɗin falon, babu.

Na ce, "A gidanku, yaya layin yake?"

Bai gane ba, amma ya amsa da gaskiyarsa. "Na gilashi ne har cikin ɗaki. Ba ya tsayawa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Amma ina iya jira ko da bai tsaya ba."

Na ja baya daga teburin, na dafa tabarma da hannu biyu, na sunkuya har goshina ya kusa taɓa ta. Abin da suka gani a Wakkanai tsakiyar kaina ne, da furfurar da na ɓoye a ƙarƙashin tsaga.

"Ga ni nan dai yadda kuka gani. Idan za a iya haƙuri da ni, na amince."

Abin da ya biyo baya ba sai na ba ku labari ba. Tsohuwar ta yi kuka, Goggo ta yi kuka ta ɓata hodar, Iwabuchi ya sunkuya har ya buga goshi a teburinsu, muka ji ƙarar tas. Dariyar wannan, na san sai Talata za ta iso masa. Goggo ta sauka benen tana waya tun daga hawa na huɗu, ba ta zagi kowa ba.

Na yi zaton zan ji kamar an sauke min kaya. Abin da na ji gajiya ce, irin ta wanda ya daɗe a tsaye a jirgin ƙasa, aka ba shi kujera saura tasha ɗaya.

Na tattara kofuna na wanke. Rana ta yi gora, haskenta ya shigo ta baranda ya kwanta a kan tabarma. Na lura gidan ya yi tsit, ban ji motsin Mama tana cire kimono ba. Na nufi ɗakinta da tawul a hannu, ƙofar a ɗan zuge.

Tana durƙushe gaban kantar, ba ta ko kwance ɗamara ba, baƙar wayar a kunnenta. Wayar da ba gurnani a cikinta tun Juma'a.

"...ta amsa dai, da ƙyar, halinka ne ta ɗauko," take cewa ƙasa-ƙasa. "Mutumin kirki ne. Kunnuwansa manya." Ta yi shiru kamar mai sauraro. "A'a, ban yi magana da matar hawa na ɗaya ba tukuna. Zan yi. Ka bar ni in ji da abu ɗaya."

Tabarma ta yi ƙara a ƙarƙashin ƙafata. Ta juyo, muka haɗa ido.

Sai Mama ta daskare.

Baki a ɗan buɗe, wayar a kunne, ido a kusurwar ƙofa. Ko gashin idonta bai motsa ba. Ni da nake ganin na ƙware, ashe koyo nake, ga inda na gada. A bayanta labulen taga yana kaɗawa abinsa.

Cikin aljihun rigata wayata ta yi rawa, ta sake yi. Na san daga inda saƙon ya fito, yanzu ba abin da yake ɓata lokaci a hanya. Ban duba ba. Ban kuma ce mata "kin tsaya" ba. Na ninke tawul ɗin, na durƙusa a bakin ƙofar, na jira.